Guɗar Fulera a Farin Gida

A bakin teku, tafiyar awa uku yamma da Ankara, akwai wani kango da masunta ke kira Farin Gida, ko da yake rabonsa da fari tun kafin a haifi kakanninsu. Turawa ne suka gina shi a kan dutse, suka yi shekara da shekaru suna tara mutane a ciki suna lodawa a jirgi. Da kasuwar ta mutu suka kwashe nasu ya nasu suka bar wa jemagu. Yau masunta na shanya taru a jikin bangonsa, awaki na kwanciya a gindin igwoyinsa, ana ciniki, ana faɗa, ana dariya. Abu ɗaya ne ba a yi a wurin, ba a guɗa. To amma wa zai gaya wa matan Zango, unguwar Hausawan Ankara, haka su ji?

Ranar uku ga Sallah suka cika bas guda, da kulolin dokunu, tuwon masarar can, da soyayyen kifi, wai za su buɗe ido. Hajiya Lariba ce ta ɗauki nauyin tafiyar, ita ce Magajiyar ƙungiya, kuma jinin Madugu Ɗanjimma ce, wanda aka ce shi ya fara kawo ayari daga Hausa har bakin ruwa. Ba ta taɓa barin kowa ya manta da wannan ba. Don kada a manta ɗin ne ma take tafiya ko'ina da Fulera.

Fulera zabiyar gidan Madugu ce, kamar yadda uwarta ta kasance, da kakarta. Shekararta hamsin da biyu, miji ya rasu, ɗa babu. Ɗakin da take kwana na Hajiya ne, leshin jikinta kwancen Hajiya ne. Abin da ta mallaka a duniya maƙogwaronta ne kawai, amma fa maƙogwaro ne. Guɗar kowace mace gaɓa ɗaya ce ko biyu, tata uku ce, ta ukun kuma sai ta karye ta gangaro ƙasa, har tsigar jikin mutum ta tashi. A gidansu kaɗai ake yin ta, uwa ta koya wa 'ya, kuma da ita suke cin tuwo.

Suka isa da hantsi. Wani tsoho mai gadi ya zagaya da su, ya nuna musu ɗakunan ƙasa, da wata siririyar ƙofa mai kallon teku, wadda ya ce duk wanda ya bi ta bai dawo ba. Wata daga cikin matan ta share ido, daga nan aka fito da wayoyi aka shiga ɗaukar hoto. Hajiya Lariba ta tsaya a tsakar gidan ta riƙe ƙugu.

"Kun ga nan? Kakana ya taka nan da ƙafarsa. Turawa da kansu suke fitowa su tarye shi. Fulera, ina kike? Tuna musu."

Fulera ta gyara mayafi ta buɗe murya. "Ɗanjimma na Ankara, giwa mai buɗe hanya! Ka tashi da ayari, ka sauka da ayari, Bature ya cire maka hula!" Tsohon mai gadi ya taho da sauri yana ɗaga hannu yana magana da yarensu, ba wadda ta kula shi. Fulera ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, gaɓa ɗaya, biyu, uku.

Kafin ta ukun ta gama gangarowa sai komai ya tsaya. Matan suka ƙame yadda suke, wata da kifi a bakinta, Hajiya da hannu a ƙugu. Tsuntsayen da ke sama suka tsaya cak da fukafukai a buɗe. Teku kaɗai ke motsi. Daga cikin bango wani mutum ya fito, tsawonsa ya kai uku na namiji, fatarsa kalar tsohuwar farar ƙasa, da tarin mabuɗai masu tsatsa a ƙugunsa.

"Ya ke 'yar Adam," in ji shi, "wa ya haifa, wa ya yi aure, da kike guɗa a gidan nan?"

Fulera ta durƙusa. Ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ban san da mutane ba. Sa ni aka yi."

"Ni ne Mai Ƙofa. Ina kan dutsen nan kafin a aza tubalin farko. Na ga abin da 'yan uwanki suka yi wa 'yan uwanki, abin da mu aljanu ba mu taɓa yi wa namu ba. Sau ɗaya aka taɓa guɗa a nan, ranar na yi rantsuwa duk wadda ta ƙara sai ta bar muryarta a hannuna. Buɗe bakinki."

"Ka yi mini rai! Ka ɗauki ido, ka ɗauki ƙafa. In babu muryar nan, ko ruwan sha ba mai ba ni."

Mai Ƙofa ya dube ta. "Ba ni aka yi wa laifin farko ba, saboda haka ba ni ke da yafiya ba. Mai ita tana ƙarƙashin ruwa. Je ki same ta. In ta bar miki muryarki, na bar miki. Amma ki dawo kafin teku ya cika ya rufe ƙofar can, in ba haka ba ke da muryar duk kun zama namu."

Ya zaro mabuɗi ɗaya ya soka a ƙasa, ƙasa ta buɗe, ga matakala.

Ta sauka cikin wani ɗaki mai duhu da zafi. Wari ya doke ta, irin wanda ba ta da sunansa, ta kai hannu za ta toshe hanci sai muryar Mai Ƙofa ta biyo ta: "Su wata uku suka yi suna shaƙarsa. Sauke hannunki." Ta sauke. Ba ta ganin kowa, amma tana jin numfashi ta ko'ina, tana jin kafaɗu suna gugar nata. Ana ta magana da harsuna iri-iri, a cikinsu ta tsinci Hausa, wani na cewa, "Ruwa. Don Allah ruwa." Ta lalubi jakarta, akwai ledar ruwa guda da ta ɓoye don hanya. Ta fasa ta da haƙori ta tsiyaye a ƙasa. Ƙasar ta shanye har da ƙara, kafaɗun suka matsa suka ba ta hanya.

Sai ga siririyar ƙofar nan a gabanta, da haske a bayanta. Ta sa kafaɗa, ƙofa ta matse. Ta juya ta ɗaya gefen, ƙofa ta ƙara matsewa, sannan ta yi magana da murya irin ta tsohuwa.

"Ba a bi ta kaina da kayan wani. Ajiye abin da ba naki ba."

Fulera ta cire ɗankunnen gwal, na Hajiya ne. Ta cire gwaggwaro da mayafi, ta tuɓe leshi, ta zare takalmi. Ta dubi jakar hannu, ita ma dai. Wai mace mai shekara hamsin da biyu, wadda ake jin muryarta daga wannan unguwa zuwa waccan, ashe duk abin da ke nata a jikinta wani tsohon fatari ne da uwarta ta bar mata. Kunya ta kama ta, ta ɗaure shi a ƙirji ta wuce.

Bayan ƙofar teku ne, amma ya dare gida biyu a ƙasa, ya bar wata hanya mai gangara, ruwa na tsaye dama da hagu da sama. Ba ta yi nisa ba sai manyan kifaye masu haƙora jeri-jeri suka tare hanya. Babbansu, mai ido ɗaya, ya zagaye ta sau biyu.

"An daɗe ba a jefo mana ba," in ji shi. "Kakanninmu bin jirage suke yi, ba su taɓa kwana da yunwa ba. Wace ce ke?"

Sana'a ta motsa. Fulera ta ce, "Sarkin ruwa, mai haƙoran ƙarfe, gagara masunta..."

"Mu ba ma cin kirari. Wace ce ke?"

"Zabiyar gidan Madugu Ɗanjimma."

"Wannan sunan gidan wani ne. Saura tambaya ɗaya. Wace ce ke?"

Fulera ta shiga lalube a ranta. Ta san sunayen kakannin Hajiya goma sha biyu, da na matansu, da sunayen dawakinsu. Da ƙyar ta tattaro nata. "Ni ce Fulera 'yar Azumi, 'yar Ladidi, 'yar Hanne, 'yar Kubura, 'yar Iyatu, 'yar Dela."

"'Yar wa?"

"Dela ba ta da uwa. Madugu ne ya tsince ta a hanya, ya yi mata alheri ya riƙe ta."

Kifin ya yi wani sauti da ta ɗauka dariya ce. "Wuce. Wadda za ki gani ta fi mu haƙora."

A ƙarshen gangaren akwai birni. Gidajensa na murjani ne da ƙasusuwan jirage, wasu zagayayyu irin na ƙauyen Hausa, wasu irin na ƙasashen da ba ta sani ba, kuma kowace ƙofa gabar tudu take kallo. Mutanen da suka faɗa ruwa ne, da waɗanda aka jefa, aljanun teku suka tsince su suka ba su masauki. Mata na daka, maza na saƙar taru, amma ko ƙwaƙƙwaran motsi ba a ji, taɓarya na sauka a turmi shiru. Suna ganinta suka nuna mata wani ɗaki da baki, kamar an san da zuwanta.

Wata mace ce zaune a ƙofar ɗakin, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, da tsagar Katsinawa a kumatunta da tabon marin ƙarfe a idon sawunta. Fulera ta yi sallama ta durƙusa, ko da yake a ido Fulera ta isa ta haife ta.

"Ke kika yi guɗar?" in ji matar.

"Ni ce, Baiwar Allah. Na tuba. Na zo roƙon a bar mini muryata."

"Sake yi in ji."

"A nan?"

"A nan."

Fulera ta kama hanci. Gaɓa ɗaya, biyu, uku. Duk birnin ya tsaya, taɓare a sama. Matar ta miƙe tsaye.

"Biyun farko nawa ne. Uwata ta koya mini a garinmu, ni na koya wa 'yata. Ta ukun fa, wa ya ba ki?"

"Gadonmu ce. Daga Dela aka samo ta."

Matar ta koma ta zauna. "Sunana Tarana," in ji ta. "Ba tsintar Dela aka yi ba, ni na haife ta. Mahara suka kama mu a gona, Ɗanjimma ya saye mu tare, ya haɗa mu da jakunan goronsa. Wata huɗu muna tafiya, shekararta bakwai. Da dare in ƙafafunta sun kumbura sai in sa ta yin guɗa a hankali don ta yi dariya. A nan ne Ɗanjimma ya ji muryarta. Da muka iso gidan can ya sayar da mu duka, ita ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ana tura ni ta ƙofar nan, ciniki ya faɗa, sai na ji guɗa daga tsakar gida. Guɗata. Daga bakin 'yata."

Tarana ta ci gaba da magana.

"Ruwa na dukan dutse, ban ji ƙarshenta ba. Gaɓa biyu na ji, masu kyau, yadda na koya mata. Ina cikin kwalekwale na ce, to, ta sami uban gida mai arziki, ta yi murna ta rabu da ni. Ban jira jirgi ba, na faɗa ruwa da marin a ƙafata. Tun ranar nake zaune a nan ina jin haushin yarinya 'yar shekara bakwai." Ta dubi Fulera. "Abin nan da kuke kira gaɓa ta uku ba guɗa ba ce. Na san muryar 'yata in kuka ya ci ƙarfinta. Sa ta aka yi, ta kai biyu, ta kasa."

Fulera ta tuna yadda uwarta ke dukan bayanta da muciya in ba ta karya ta ukun daidai ba. Ta tuna bukukuwa nawa aka yi mata liƙi saboda ita. Baƙin ciki ya rufe ta.

Tarana ta yi kuka, irin na wanda aka sauke wa kaya, sannan ta share fuska. "Kin kawo mini abin da ban sani ba, jikata. Riƙe muryarki, dama tawa ce. Amma gaya mini, a cikin waƙar da kuke yi, akwai sunana?"

"Babu, Kaka."

"Bakuna bakwai, daga Dela har ke, kuna kiran sunansa safe da yamma."

"Ba mu sani ba, Kaka."

"Yanzu kin sani. Ga sallahuna: ki faɗi sunana sau ɗaya a tsakar gidan can, a gaban jininsa, ki faɗi abin da ya yi. Ban sa miki dole ba, an sa wa gidanmu dole ya isa. Tashi, ruwa na cika."

Fulera ta fito da gudu. Hanyar ta fara rufewa, ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Kifayen na biye da ita ba su taɓa ta ba. Ta iso ƙofar ruwa na wuyanta, ta kutsa, ta tarar da kayanta a inda ta bar su. Ta tsaya tana kallon leshin. Sannan ta saka, don ba ta da wani.

Mai Ƙofa na tsaye a kan matakala. "An bar miki, na bar miki," in ji shi, ya koma cikin bango. Tsuntsaye suka ci gaba da tashi, mai kifi a baki ta ci gaba da tauna.

"Kai, Fulera, Allah ya bar mana ke!" in ji Hajiya Lariba. "Ƙaro mana. Ku ɗauka a waya, a tura wa na gida."

Fulera ta dubi uwar ɗakinta. Ta san in ta faɗa, yau sai dai ta kwana a tasha. Ta hango ɗan ɗakinta da katifarta da tukunyarta a waje. Duk da haka ta buɗe baki, kuma da yake ba ta iya faɗin babbar magana sai da waƙa, da waƙar ta faɗe ta.

"Ɗanjimma, kai ka sayi Tarana, Bakatsiniya, da 'yarta a hannu! Ka kora ta wata huɗu da jakunan goro! A nan ka sayar da ita, a kan dutsen nan! Ka riƙe 'yar, ka sa ta guɗa uwarta na fita ta ƙofar can! Tarana uwar Dela, Tarana kakata!"

Ta tsaya tana jiran mari.

Sai Hajiya Lariba ta saki wata irin shewa. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Ni dama na sha faɗa muku, kakana ba goro kaɗai ya kawo ba, har mutane ya mallaka! Ashe akwai wannan baitin kika ɓoye mana, ja'ira?" Ta buɗe jaka ta zaro sababbin takardun sidi, kuɗin ƙasar, ta shiga manna wa Fulera a goshi. Sauran mata suka taso, wayoyi a sama, ana tafi. Wata ta ce a maimaita wurin jakunan goron, bai ɗauku ba.

"Hajiya," in ji Fulera, muryarta ƙasa-ƙasa, "kakata ce fa ya sayar."

"To ai shi ya sa kike tamu! Wa ya raba mu? Yi mana guɗar, mai ukun nan, mu rufe da ita mu je mu ci abinci."

Fulera ta shirya wa zagi, ta shirya wa kora. Wannan ne ba ta shirya masa ba. Takardun na zamewa daga goshinta suna faɗuwa a kan dutse, ba ta sunkuya ba. Hannunta ya tashi da kansa zuwa hanci, yadda ya saba shekara arba'in. Ta bi shi da kallo, sannan ta sauke shi. Ta ratsa matan ta je jikin bangon da Mai Ƙofa ya shige, ta dafa shi da tafi biyu.

"Ranka ya daɗe," in ji ta a hankali, "Kaka ta ce ba dole. To ni na kawo da kaina. Bar mini muryar magana, ka karɓi ta guɗa."

Wani sanyi ya fito daga bangon ya taɓa maƙogwaronta, ya koma.

"Wai me take yi ne?" in ji Hajiya. "Fulera! Muna jira."

Fulera ta juyo ta kama hanci don su gani, ta buɗe baki iyakar ƙarfinta. Iska kawai ta fito. Aka ce rana ce ta buge ta, aka ba ta ruwa, aka ce ta sake gwadawa. Ta gwada, babu. Hajiya ta tsuke fuska ta sa aka tsince kuɗin daga ƙasa, ta mayar jaka.

A hanyar komawa kujerar baya aka ba ta, kusa da kulolin da aka cinye. Gaba ana ta kunna waƙar a waya, ana koyon sabon baitin. Kafin watan ya ƙare Hajiya ta samo wata zabiya mai guɗa gaɓa biyu, ta kuma buƙaci Fulera ta bar mata ɗakinta. Fulera ta koma bakin tasha tana soya ƙosai. In yaran unguwa suka tambaye ta sunanta don su san yadda za su kira ta, sai ta ajiye matsami ta jero musu duka, daga Fulera har Tarana, ko da mai na ƙonewa.